Wasan Kakarot da Tambayar Wa Ya Reni Gohan

Masu buga gem, ku matso mu tattauna a kan Dragon Ball Z: Kakarot, wanda kamfanin CyberConnect2 na birnin Fukuoka a Japan ya ƙera, Bandai Namco ya fitar a watan Janairun 2020. Wasannin Dragon Ball sun yi yawa, amma galibinsu dambe ne zalla: ka zaɓi gwaninka, na zaɓi nawa, a kara. Shi wannan ya ɗauko labarin ne tun daga zuwan Raditz, ya bi ta kan Frieza da Cell har ya dire a Majin Buu, kuma bai tsallake zaman gida da ke tsakanin yaƙe-yaƙen ba.

Tun farkon wasan za ka ga inda aka dosa. Goku ne da ɗansa Gohan a daji, yaron na biye da shi yana tsoro, har su isa bakin ruwa. Goku ya maƙala jelar bogi ya tsoma a ruwa, kifi ya kama, ya fizgo shi, a gasa a ci. In ka tara nama da kayan lambu ka kai wa Chi-Chi, matar Goku, sai ta cika maka tebur, girkin kuma yana ƙara wa jaruminka ƙarfi. Har ranar da Goku da Piccolo suka je koyon tuƙin mota an saka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lamarin Gohan. A fim kallonsa kake yi, a nan kuwa kai ne shi. Uba ya mutu a faɗan Raditz, Piccolo, wanda jiya-jiya abokin gabar uban ne, ya ɗauke yaro ɗan shekara 4 ya jefa shi daji. Da hannunka za ka nemi abinci, ka sha duka wajen horo, ƙarfinka yana hawa a hankali. Shi ya sa lokacin da Piccolo ya tare harin Nappa da jikinsa ya mutu domin yaron, abin ya fi taɓa zuciya. Mu da muka san ɗan riƙo ba sai an yi mana dogon bayani ba: mahaifi daban, wanda ya sha wahalar reno daban. Goku gwarzo ne, babu ja, amma bayan faɗan Cell shi da kansa ya zaɓi zama a lahira, aka yi shekara 7 babu shi a gida.

Wasan yana da nasa aibin. Ƙananan aike-aiken da ake ba ka suna maimaita kansu: je ka samo kaza, je ka farfasa mutum-mutumin Red Ribbon, har ka gundura. Mai neman faɗa mai sarƙaƙiya gara ya nufi Dragon Ball FighterZ na 2018.

Akira Toriyama, wanda ya fara zana Dragon Ball a 1984, ya mutu ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68. An fi yabonsa da zana naushi da tartsatsi, amma mutum ne mai son raha da abinci da motoci, kuma wannan ɓangaren nasa Kakarot ya raya.

To jama'a, ku faɗa mini gaskiya tsakaninku da Allah: tsakanin Goku da Piccolo, wa Gohan ya fi cancanta ya kira Baba?