Gonar da Ake Ɗaurewa da Igiya

Da aka ce in sauka in taka gonar, sai na ƙanƙame bakin kwalekwale, ƙafa ta ƙi. Dattijon da ke tuƙa mu ya miƙo mini hannu, na yi bisimilla na taka. Wurin ya lotsa kamar katifa, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsuna, amma bai nutse da ni ba. Ga kuɓewa ta yi 'ya'ya, ga alayyafo shar, ga duma na hawa rumfar gora, kuma a ƙarƙashinsu duka ruwa ne mai shanye mutum a tsaye.

A Nazirpur ke nan, cikin gundumar Pirojpur da ke kudancin Bangaladash, bayan mun kwana a jirgin ruwa daga Dhaka zuwa Barisal. Damina a can takan kama daga Yuni har Oktoba, ta shafe gonaki wata da watanni. Yanzu da yanayi ya rikice, teku na ƙara tasowa, ruwan kuma yana daɗewa bai janye ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne kayan ginin gonar: kainuwa ce. Ita dai wannan da muke yi wa kirari da dashen Allah, wadda masunta a Kogin Kwara ke kuka da ita don tana toshe hanyar jirgi. Manoman Nazirpur kuwa tara ta suke yi, su jibga wata bisa wata, su tattake, su bar ta makonni ta ruɓe ta zama taki. Sunan gonar dhap, wasu su ce baira. A ƙofar wani gida na ga mata zaune suna dunƙula ruɓaɓɓen ciyayin ruwa kamar ƙananan curin fura, suna cusa iri a tsakiya. Sai ya tsiro a inuwa tukuna a kai shi gona. Idan ruwa ya janye, a farfasa gonar a watsa ta a fili, ta ciyar da shukar hunturu. Ko ɗigo ɗaya ba ya tafiya a banza.

Dabarar ta kakanni ce. A 2015 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin gadon noma na duniya, ƙungiyoyin agaji kuma sun kai ta arewa, irin su Gaibandha, inda ambaliya ke cin gonakin talakawa. Wannan irin taimako ya kwanta mini, domin manomi ne malamin, baƙo kuma ɗan rakiya.

Da la'asar sakaliya na tambayi dattijon ta bakin tafinta, "Baba, in ruwa ya ƙaru fa?" Ya ɗaga tafin hannunsa sama a hankali, wato gonar ma tashi take yi tare da shi. Sannan ya kafa doguwar gorarsa a laka, ya jawo gonar kusa, ya ɗaure ta da igiya don kada iskar dare ta tafi da ita.