Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Kiwon kifi a gida, ko don ado ko don tukunya, kula da ruwa ne tun da farko. Kifin da ke gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau ya nufi Bungudu, ruwa mai gudu ke kwashe masa ƙazantarsa. Wanda aka tsare a tanki kuwa, inda ya ci nan yake kashi, nan kuma yake numfashi. Saboda haka tilas mai kiwo ya samar masa abin da zai maye gurbin gulbi, wato famfo mai juya ruwa da matata mai tsarkake shi.

Wani malamin firamare a Gusau ya zuba rabin kuɗin sallamarsa a wannan harka. Ya gina tanki mai cin lita 2,000 a tsakar gida, ya sa gilashi a gefe guda domin jikoki su riƙa kallon karfasa. Kafin ya je kasuwa sai ya zauna da alƙalami. Masu kiwo kan so ruwan tanki ya bi ta matata kamar sau 4 a awa, wato shi yana bukatar lita 8,000 ke nan. Sai dai adadin da ake rubutawa a kwalin famfo na ruwan da bai hau sama ba ne. Duk tsawon da ruwa zai hau, da duk lanƙwasar bututu, suna rage masa ƙarfi.

Batun matata ya fi wannan zurfi, domin ruwa garau ba lalle ne ya zama lafiyayye ba. Soso yana tare kashi da ragowar abinci, waɗanda ido ke gani. Amma kifi yana fitar da amoniya, guba ce marar launi, kuma soso ba ya kama ta. Wasu ƙwayoyin halitta ne, masu zama a jikin tsakuwar matata, suke sarrafa ta har ta koma abin da ba ya saurin cutarwa. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, sannan kulorin na ruwan famfo yana kashe su. Shi ya sa da ruwan tanki ake ɗauraye tsakuwar.

Malamin ya kusa sayen ƙaton famfo guda, sai ɗan ƙanwarsa, mai haɗa wutar sola a Tsafe, ya zo gaishe shi. Da ya ga lissafin sai ya ce, “Kawu, lissafinka daidai ne, amma na lokacin da akwai wuta ne. In an ɗauke ta da ƙarfe biyun dare a watan Afrilu fa?”

Tambayar tana da tushe. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai: lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin a digiri 20, amma a digiri 30 sai ya sauka zuwa kimanin 7.5. A bazarar Zamfara kuwa zafin rana yakan kai digiri 40. Tarwada tana iya hawowa ta shaƙi iskar sarari, karfasa ba ta da wannan baiwa. Ƙwayoyin matata ma iska suke bukata. In ruwa ya tsaya sa’o’i masu yawa sai su fara mutuwa, wuta na dawowa famfo ya turo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki.

Nan ya sake shawara. Ya sayi matsakaitan famfo biyu, domin in ɗaya ya lalace ɗayan ya riƙe kifin, ya ƙara da ’yar na’urar hura iska mai aiki da batir. Matatar kuma ya yi ta a buɗaɗɗiyar ganga, yadda iska za ta riƙa ratsa tsakuwar. Wani tsohon masunci na Bungudu ya ba shi ma’auni na ƙarshe: “Malam, ka riƙa leƙa su da asuba. In ka gan su a sama suna buɗe baki, ba yunwa ba ce, ruwan ne.”

Bai cika tankin rana ɗaya ba. Kifi goma ya fara zubawa, sai da ya ga sun yi mako shida lafiya sannan ya ƙara. Ga mai zaɓen irin waɗannan kaya, dare mafi zafi a shekara, wanda babu wuta a cikinsa, shi ne ya kamata ya yi wa lissafi.