Ƙwaron Gandun Daji da Ruwan Kogi

A da, duk lokacin da aka ambaci ɓarnar ƙwari, hankalina kan tafi ga fara da gonar gero. Labarin lardin Birtish Kolombiya na ƙasar Kanada shi ya sa na fara duban al'amarin ta fuskar ruwa.

A can akwai dazuzzukan itacen fayin, watau wani dogon itace mai ganye kamar allura, wanda Bahaushe bai raɗa wa suna ba. Tun daga shekarun 1990 wani ƙwaro da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya auka musu, har ya shafi fiye da hekta miliyan 18. Yakan huda ɓawo ya yi ƙwai, ya kuma shigar da wata funfuna mai toshe hanyoyin ruwan itacen. Bayan shekara guda ganye ya yi ja, daga bisani ya kaɗe. Tsananin sanyin hunturu ne ke kashe tsutsarsa, to amma sanyin ya ragu.

Mai karatu zai ce, ina ruwan kogi da wannan? Kogunan lardin, irin su Fireza, da narkakkiyar dusar ƙanƙara suke cika. Itace mai rai yakan tare wani kaso na dusar a rassansa, ya yi wa ta ƙasa inuwa don ta narke sannu a hankali, saiwoyinsa kuma su sha ruwa. Idan ya mutu, dusar ta fi taruwa a ƙasa, rana ta narkar da ita da wuri, ruwa ya gangara tun kafin lokacin da masu madatsu da manoma suka saba.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin da aka nema. An shiga sare matattun itatuwa da gaggawa don kada katako ya lalace. Binciken da aka yi a 2007 a kan rafin Beka, kusa da garin Kwanel, ya nuna cewa share dajin ƙaƙaf ya fi barinsa a tsaye ƙara haɗarin ambaliya. Ashe busasshen itace ma yana da sauran inuwa, kuma ƙananan da ke tsirowa a ƙarƙashinsa suna shan ruwa. A ganina, ma'aikacin gandun daji da ya ba da izinin sara bai tuntuɓi ma'aikacin ruwa ba, ya yanke hukunci ne a kan gidajen mutanen da ke zaune a bakin kogi.