Sifinja, Raksha da Maƙeran Dar Salam

Bahaushen Dar Salam, unguwar da ke yammacin Umdurman, ba kasafai yake kiran mota da sunan da kamfani ya raɗa mata ba. Toyota Hilux a bakinsa “boksi” ce, ƙaramar bas ta haya “amjad”, abin da Kano ke kira adaidaita sahu kuwa “raksha”. Tsohuwar babbar motar Bedford ita ce “sifinja”, wato silifa, saboda laushinta a kan hanya. Ɗalibin Hausa zai lura cewa waɗannan kalmomi daga Larabcin Sudan aka aro su, kamar yadda Hausar Nijeriya ta mai da Peugeot ta zama “fijo”. Mutane ba sa yi wa mota laƙabi sai sun daɗe suna cin abinci da ita.

A unguwar akwai dattijon makanike, jikan mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa suka yada zango a bakin Nilu. A gindin sifinja ya koyi sana'a. An fara ƙera Bedford samfurin TJ a Ingila a 1958, kuma tuni aka daina, amma maƙeran Sudan ba su bar ta ta mutu ba. Sukan kwance ta baki ɗaya, su ƙarfafa shasi, su ƙara sifirin, su ƙera mata sabon bodi, har ta ɗauki kaya fiye da yadda aka tsara mata tun farko. A ganin dattijon, son da direba ke yi wa sifinja ya samo asali ne daga sanin cewa ko a tsakiyar sahara ta lalace, akwai mai guduma da walda da zai tashe ta. Irin wannan amana ce ta riƙe fijo 504 a Arewacin Nijeriya bayan buɗe masana'antar Kaduna a 1975: kowane gareji ya san cikinta, kowace kasuwa tana da kayanta.

Sai zamani ya juya. A 2021 gwamnatin Sudan ta janye tallafin mai, direbobin raksha suka ji a jikinsu. Zuwa 2022 masana'antar al-Shehab da ke Bahri, a arewacin Kartum, tana fitar da raksha mai aiki da lantarki. Yaran gareji suka yi murna, maigidansu kuwa ya yi shiru yana lissafi. Wannan keke ba shi da falogi, ba kafireta, ba salansa, ba baƙin mai da za a juye. Rabin kalmomin da ya koya wa yaransa ba su da gurbi a jikinsa, kuma duk kalmar da ta fita daga gareji, da abincin wani take tafiya.

Amma ba komai ya tafi ba. Shasi, bodi, birki, sifirin, kujera da rumfa suna nan, kuma hannun da ya iya sifinja zai iya su. Wahalar tana ga batir da injin lantarki da na'urar da ke sarrafa wutarsa, waɗanda galibinsu daga ƙasar Sin suke zuwa. A nan ne ya kamata a bambance aikatau biyu, “haɗa” da “ƙera”. Masana'antar Giad, da aka buɗe a 2000 a kudancin Kartum, ta shahara da haɗa motocin Hyundai daga sassan da aka shigo da su. Mai haɗi yana jiran jirgin ruwa ya iso Port Sudan. Maƙeri yana neman ƙarfe da wuta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita masana'antun Bahri, ya watsa iyalai da dama daga Umdurman. Idan ƙura ta lafa aka koma gini, dattijon yana ganin direba zai rungumi rakshar lantarki ne kawai ranar da ya samu kayanta a Kasuwar Libiya, kuma ya samu yaron unguwa da zai buɗe akwatin batir, ya gano ƙwayar da ta mutu, ya canza ta. Shi ya sa ya tura ƙaramin yaronsa koyon aikin lantarki, ya bar manyan a kan guduma.