Mun Hau Babur Mun Kewaya Gindin Dutsen Kamaru

Wannan labari ne na wata tafiya da muka yi mu uku cikin watan Janairu na 2015, kuma ba yawon shan iska ya fitar da mu ba.

Asalin abin, wani yaro ne a nan New Bell cikin Duwala, ɗan wani abokinmu marigayi, ya bar rumfar goron ubansa ya sayi babur. Ya ce sana'arsa ita ce ja-gora, yana ɗaukar baƙi yana nuna musu duwatsu da bakin teku. Ya zo yana neman rance daga asusun ƙungiya don ya ƙara babur na biyu. Dattawa suka rabu. Waɗansu suka ce wannan yawon banza ne, wa ya taɓa biyan kuɗi don kallon dutse? Da gardama ta yi tsawo sai aka ce mu je mu gano da idonmu.

Muka yi asubanci, shi da abokansa biyu, kowa ya goya ɗayanmu. Kafin a tashi ya ce, "Baba, ku tattara riga ku ɗaure, kada ƙafar babur ta kama." Ya ba mu hular kwano. Alhajin da ke cikinmu ya ce shi ba ya tuɓe hularsa don kwano. Yaro ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ka yi mini gafara, ba na tayar da inji sai ka sa." Wannan muka fara rubuta masa a lada.

Muka ƙetare gadar Wuri, muka bi Bonaberi, har kogin Mungo, inda dā iyakar Faransi da Ingilishi take kafin haɗewar 1961. Daga Tiko sai gonakin roba da ayaba da kwakwar manja, layi-layi har iyakar gani. Yaro ya ce Jamusawa suka fara su, sa'an nan a 1947 aka danƙa su ga kamfanin da ake kira CDC.

A Mutengene muka kama hawa zuwa Buya. To, nan fa sanyi ya fara shiga ƙashi. Dutsen ya fi mita 4,000, babu kamarsa a duk wannan yanki na Afirka, Bakweri masu wurin kuwa suna ce da ƙololuwarsa Fako. Jamusawa sun mai da Buya hedkwatarsu a 1901, gidan Gwamnansu yana nan tsaye. Muka gangara ta gonakin shayi na Tole zuwa Limbe, wadda iyayenmu suka sani da Biktoriya har aka sake mata suna a 1982. Yashin bakin tekunta baƙi ne ƙirin kamar gawayi.

Amma abin da ya tsaya mana a rai yana gaba, kan hanyar Idenau, kusa da wani ƙauye Bakingili. A 1999 dutsen ya yi aman wuta, narkakken dutse ya malalo a hankali, ya cinye gonakin kwakwa, ya datse kwalta, ya tsaya saura ƙiris ya kai teku. Dole hanya ta yi gwiwa ta kewaye shi. Muka sauka muka hau kansa. Tudu ne baƙi, ya fi soro tsawo, ga kaifi kamar fasasshiyar kwalba, ga ganye ya fara tsirowa a tsaginsa. Shekara talatin muna fatauci a ƙasar nan, labarinsa kaɗai muke ji. Alhaji ya daɗe bai ce uffan ba, sai tasbihi.

Da muka doshi Debunsha sai sama ta tsage, cikin rani fa. Yaro ya ce wurin yana samun ruwa kamar milimita 10,000 a shekara, ko mun yarda ko ba mu yarda ba ga shi muna jiƙewa. A wata kwana babur ɗin ƙarshe ya zame, ɗayanmu ya gurje gwiwar hannu, kansa ya bugi ƙasa, kwanon nan ya tare. Kan mu farga yaro ya fito da auduga da magani daga jakarsa. Bai ɓoye laifin abokinsa ba, ya ce gudu ya yi yawa, ya hana shi tuƙi har muka komo.

Muka ba da shaida a taro, aka ba shi rancen. Mai gurjewar ne ma ya fara magana.

Sai dai ba a daɗe ba rikici ya tashi a yankin masu Ingilishi a ƙarshen 2016, a 2017 ya koma na bindiga, baƙi suka ɗauke ƙafa. Yaro ya dawo da baburansa cikin Duwala yana bensikin, watau ɗaukar fasinja. Waɗanda suka ƙi tun farko suka ce ai ga ta nan. Shi kuwa kowace Juma'a sai ya kawo abin da ya samu wurin ma'aji, wata rana jaka biyu, wata rana ɗaya, har ya biya duka cikin shekara uku. Ran da ya kawo na ƙarshe, Alhaji ya tambaye shi ko kwanon nan nasa yana nan. Ya ce, "Yana nan, Alhaji, na rataye maka shi."