Takabar da Ake Yi Miji Yana Raye



A daminar bana, ranar da ruwa ya tsare ni a zaure a Birnin Damagaram, na sake ɗaukar doguwar wasiƙar nan ta Mariama Ba, 'yar Senegal, wadda ta fito da Faransanci a 1979, sai na tarar littafin da muka karanta muna samari domin cin jarrabawa ya sauya kama, tun da furfura ta sauka a gemu. Ramatulaye, mai rubuta wasiƙar a cikin labarin, tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, tana ba aminiyarta labarin mijin da ta haifa wa 'ya'ya 12, wanda ya auri ƙawar 'yarsu, ya ɗauke ƙafa daga ɗakinta, bai sake ta ba, bai kuma zauna da ita ba, har ajali ya riske shi. Ga ta nan tana makokin mutumin da ta riga ta yi rashinsa shekara 5 kafin a kai shi makwanci.

Wanda ya ce wannan lamarin 'yan bokon Dakar ne, to ya nemi Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya ga yadda aka kori Rabi da 'ya'ya 9 saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci, sa'an nan, da wuta ta cinye dukiyar Alhaji mijinta a kasuwa, dangi suka taru suna mata wa'azin haƙuri. A Kano labarin ya faru, amma babu wanda ya girma tsakanin unguwannin Birni da Zango na Damagaram da zai rantse bai san irin gidan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, malamanmu na zaure, Allah ya saka musu, sun karantar da mu daga littattafan Risala da Muhtasar hukuncin nafaƙa da rabon kwana da adalci tsakanin mata, alƙali kuma yana iya auna hatsi da tufafi ya yanke hukunci. Amma mawadda da rahama, waɗanda Alƙur'ani ya ambata a sha'anin aure, ba su da mudun awo, kuma babu mai kai ƙarar shiru fadar Sarki. Maigida ya kawo cefane daga Kasuwar Dole, ya ajiye, ya koma majalisa sai dare. Uwargida, wadda shekarunta suka kai hamsin, 'ya'ya sun watse, ta ce zaman 'ya'ya take yi, alhali ɗakin babu kowa sai ita da rediyo. Ni kaina, kada in wanke kaina, na sha yin haka.

Ku magidanta da ke karanta wannan a waya, yau in an sallame isha'i, ku shiga ɗakin uwargida ku zauna, ko da babu wata magana.