Abin da ba a rubuta ba, inji ba ya ganin sa

Dare uku na kwana ina fama da wata 'yar kwamfuta Raspberry Pi 4 da na haɗa don ta riƙa rubuta sanyin firjin allurar rigakafi a wani ƙaramin asibiti. Da an ɗauke wuta an dawo, sai lokaci ya ɓace mata, don ba ta da agogo mai batir, wurin kuma babu intanet. In lokaci ba daidai ba, ta ina za a san awa nawa allura ta yi cikin zafi?

Na sayo ɗan agogo DS3231, na jona wayoyi huɗu, na kunna. Shiru. Na canza wayoyi, har na fara zargin jabu aka sayar mini. Na bincika, ga shi nan a adireshinsa 0x68, amma Linux ya ƙi kula shi. Ashe laifina ne, ban gabatar da shi ba.

Kayan USB, da ka soka, su ke faɗin sunansu da kansu. Amma ƙananan kayan da ke kan layin I2C ko SPI kurame ne, ba sa cewa uffan. Dole a rubuta wa kanel, wato zuciyar Linux, cewa akwai abu kaza a adireshi kaza, ga direban da ya dace da shi. Wannan rubutu shi ne bishiyar na'urori. Mutum yana rubuta shi a fayil ɗin DTS, a matse shi ya koma DTB, manhajar tayar da inji ta miƙa wa kanel tun kafin komai ya motsa. Layi ɗaya tak na ƙara a config.txt: dtoverlay=i2c-rtc,ds3231. Na sake kunnawa, agogo ya kama. Wallahi dariya ce ta kama ni da ƙarfe biyun dare.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Daga tsarin Open Firmware na kamfanin Sun ta fito. A da, kowane allon ARM da nasa bayanin a cikin kanel, abu ya cakuɗe, har Linus Torvalds ya fusata a 2011. Daga nan aka fara kwashe bayanan zuwa bishiyar na'urori.

To me ya shafi wanda ba injiniya ba? Wayar Android da ke hannunka ma haka take. Tambayi masu gyara a Farm Centre ta Kano: wani lokaci a yi wa waya filashin da fayil ɗin da ba nata ba, ta kunnu, amma tacin ya mutu ko sikirin ya yi fari. Kayan lafiya lau suke, bayanin ne ya saɓa. Kuma idan kamfani bai saki wannan bayani da direbobinsa ba, ranar da ya daina turo sabuntawa, da wuya wani ya iya ɗora wa wayar sabuwar manhaja, ko da ƙalau take.

Tun 20 ga Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da waya a can sabunta manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Mu da ke riƙe waya har sai ta ce ga garinku, mu muka fi buƙatar irin wannan. Kafin ka saya, tambayi shekara nawa za a kula da ita.

Ku kuma matasa masu sha'awar haɗa na'ura, kada ku tsaya ga solda kaɗai, ku koyi karanta DTS. Firji dai yanzu yana ba da rahoto da lokaci daidai, alhamdulillahi. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan? Ina sauraren ku.